Ranar da Kawu Ya Ba Mai Doya Jarrabawata

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar Kawu ta zo wata Talata da hantsi, a gadon asibiti, bayan jinyar da ba ta cika wata biyu ba. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A gidansa da ke unguwar Television na tashi tun ina 'yar sakandare, sannan shi ne malamin da ya taɓa kayar da ni a kwaleji, ya sa na maimaita shekara guda cur.

Kwana uku aka yi ana zaman makoki. Malaman kwaleji sun zo da manyan rigunansu, wannan kowa ya san za a yi. Sauran jama'ar ne suka ba dangi mamaki. Ga direban tanka daga Rido, ga wata mai ɗinki daga Sabon Tasha da ɗankwalin matan zumunta na coci a kanta, ga masu walda, ga wani tsoho mai gyaran agogo. Gwaggonninmu sai raɗa suke yi, "Wannan kuma a ina ya san shi?"

Wani bakanike Ibo daga Kakuri, wanda ya daɗe yana fama da tsohuwar motar Kawu, ya zo da mujalla a nannaɗe cikin leda. Ya rusuna a ƙofar ɗakin matar Kawu, wadda muke kira Anti, ya ce, "Madam, sai haƙuri. Chai! Oga Malam mutum ne." Ya buɗe mujallar ya nuna mana hotonsa kwance a ƙarƙashin mota. "Wanda ya rubuta labarina ya ce wai shekara goma nake wannan aiki. Oga Malam ya kawo shi har gareji ya karanta mini. Na ce a'a, ashirin da biyu ne. A gabana ya rage masa maki, wallahi." Ya yi dariya, dariyar ta juye masa kuka, ya goge ido da bayan hannu.

Tsofaffin ɗalibansa kuwa sun ware gefe guda a ƙarƙashin rumfa, kowa yana ba da labarin yadda Malam ya taɓa gasa masa aya a hannu. Suna yi suna ƙyalƙyala dariya, har wani dattijo ya aiko cikin gida a ce su tuna gidan rasuwa ne. Anti ta ce, "A bar su. Da yana nan shi zai fi su buɗe baki." Mahaifiyata tana zaune kusa da ita da carbi. Ta girgiza kai ta ce, "Yaya ya tafi da taurin kansa," sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

Na san abin da za a rubuta a takardar kwaleji: ya koyar da aikin jarida shekaru masu yawa, ya yi ritaya, ya rasu ya bar mata da 'ya'ya. Gaskiya ne, amma bai ishe ni ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kwas ɗin da aka fi sanin sa da shi shi ne na haɗa mujalla, wanda 'yan shekarar ƙarshe suke yi. Aji guda ne ke fitar da mujalla ɗaya. Ɗalibai su zaɓi edita, su raba shafuka, su nemo labarai da hotuna, su tsara, su kai a buga. Kawu ba ya gyara wa kowa ko harafi. In ka kai masa rubutunka kana neman ya duba, sai ya ce, "Kuna da edita, ni ɗan kallo ne." Sharaɗinsa ɗaya: kowane ɗalibi sai ya rubuta labarin wani mutum mai rai, wanda ƙafa za ta iya kaiwa wurinsa.

In an bugo mujalla, a ɗaure take zama a ofishinsa, ba a raba ko ɗaya. Sai ranar Asabar ya tara aji, a shiga gari. A je gareji, a je shagon aski, a je bakin kasuwa. Kowane ɗalibi ya tsaya a gaban wanda ya rubuta labarinsa, ya karanta masa da babbar murya daga farko har ƙarshe. In mai labarin ba ya jin Turanci, a fassara masa. Kawu yana gefe da fensir a kunne da goro a kunci. Rabin makin kwas ɗin a wannan tsayuwar yake. Yakan ce, "Takarda ba ta da kunya, duk abin da ka ɗora mata za ta ɗauka. Kai ne za ka yi mata kunyar."

Wannan tsari ya sha haɗa shi da shugaban sashensu. Shekarar da aka kawo sabon fom na auna abin da ɗalibi ya koya, mai gidaje-gidaje, shugaban ya so a mayar da abin jarrabawar zama ta awa biyu. Fom ɗin yana tambaya ko ɗalibi ya iya tsara shafi, ko ya iya tace labari, ko ya iya zaɓen hoto. Kawu ya karanta tsaf ya ce, "Duk zan cike maka, ba laifi. Amma ina gidan da ya ce ɗalibi zai iya kallon idon mutumin da ya rubuta?" Shugaban ya ce ai wannan ba abin aunawa ba ne. Kawu ya ce, "Ana aunawa. Ka zo ranar Asabar, amma ka sa takalmin tafiya." Bai zo ba, bai kuma hana ba. Sun yi wata guda gaisuwarsu ba ta wuce ɗaga hannu, daga baya aka gan su suna cin tsire a takarda ɗaya.

Kada a ɗauka mugu ne. Akwai wani ɗalibi mai in'ina da ya rubuta labarin wani mai aski a Kamazou. Da ya fara karatu ya maƙale a layin farko, 'yan aji suka soma ƙunshe dariya. Kawu ya kora su tsallaken titi gaba ɗaya. Shi kuma ya juya baya yana kallon motoci, don kada idonsa ya yi wa ɗalibin nauyi. Kusan awa guda aka yi kafin a gama shafi biyu, kuma bai bari kowa ya ƙarasa masa kalma ba. Mai askin ya ce komai haka yake. A shekarar nan babu wanda ya kai wannan ɗalibi maki.

A gida wani mutum ne daban. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka "Uwata" yake kirana. In na dafa abinci gishiri ya yi yawa sai ya ce, "Uwata ta ga muna raina ta, ta nuna mana iko." Shi yake saya mini littattafai, shi yake nuna makina ga baƙi har in ji kunya. Da muka kai shekarar ƙarshe 'yan ajinmu suka zaɓe ni edita. Ba don Kawu ba, in faɗi gaskiya. Na iya Turanci, na kuma san na iya, wannan ce cutar.

Labarin da na zaɓa na tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kakuri ne da aka rufe. Aka nuna mini wata mata 'yar Binuwai da ke gasa doya kusa da tashar motar Television, aka ce ta daɗe tana aiki a masaƙa. Kowa Mama mai doya yake ce mata. Na biya ta wurinta a hanyar komawa gida, na tsaya a tsaye, ko jakata ban sauke ba. Na tambaye ta yaya rayuwa tun da aka rufe masaƙa. Ta ce, "Mun gode Allah. Doya ba ya yi mini ihu kamar oga." Na tambayi 'ya'yanta, ta ce suna makaranta, babbar ma aure za ta yi. Minti goma sha biyar na yi, na ce a raina wannan ba labari ba ne, gaisuwa ce.

Sai na koma na yi mata labari. Na rubuta cewa ta fashe da kuka tana cewa ranar da aka rufe masaƙa ranar ta mutu. Na rubuta cewa 'ya'yanta sukan kwana da yunwa. Mai ɗaukar hotonmu ya samo ta daidai lokacin da hayaƙin gawayi ya shiga idonta, hawaye yana gangarowa. Muka sa hoton a bango, na raɗa wa labarin suna Hawayen Kakuri. Duk wanda ya karanta a aji sai ya ce, "Kai, Edita, kin kashe mu."

Za a ce ai na san da ranar Asabar. Na sani sarai. Dabarar da na ƙulla ita ce in na zo wuraren da na ƙara gishiri in tsallake, tun da Kawu ba ya bin karatu da ido, fuskar mai labari yake kallo. Ita kuwa Mama, na riga na yanke mata hukunci: mai gasa doya a bakin tasha ina ita ina karanta Turanci?

Ranar ta zo. Mu kusan talatin muka tsaya a gaban tukunyar gashin doyarta, 'yan acaba da masu jiran mota suka kewaye mu. Kawu ya gaishe ta, ya miƙa mata mujalla ɗaya kamar yadda yake yi wa kowa. Ta goge hannu da zani, ta duba bangon ta daɗe tana kallo. Sai ta zura hannu cikin jaka ta fito da tabarau. Ta sa shi, ta buɗe shafin labarina.

Na fara karatu. Sakin layi na farko lafiya, na biyu lafiya. Da na iso wurin kukan na yi tsalle na dira a ƙasa. Ta ɗaga hannu ba tare da ta ɗago kai ba.

"Yarinya, kin tsallake. Koma sama."

Na koma. Na karanta da bakina cewa ta yi kuka, ta ce ta mutu, 'ya'yanta suna kwana da yunwa. Ina karantawa tana bin layi da yatsa. Da na gama ta cire tabarau ta dubi Kawu.

"Oga Malam, ni ne ya yi kuka? Ni ne ya mutu? Ga ni nan ina juya doya!" Jama'a suka yi dariya, ita ba ta yi ba. "Shekara goma sha takwas ina kan injin saƙa. Ni ne sakatare na mata a sashenmu, ni nake rubuta takardan mitin. Yarana ba su taɓa kwana ba ci ba, God forbid. Wata mai zuwa 'yata za ta yi aure. In surukai sun ga wannan, mene ne zan gaya musu? 'Yan cocinmu fa?" Sai ta juyo gare ni, ta sassauta murya, wannan kuma ya fi zagi ciwo. "Na yi miki wani laifi ne?"

Kawu ya cire hularsa, abin da ban taɓa ganin ya yi a titi ba, ya ce, "Mama, laifinmu ne. Ba a raba mujallar ba tukuna, kuma ba mai ganin wannan shafi. Ki yafe mana." Ya zaro fensir daga kunne ya yi rubutu kaɗan. Bai dube ni ba, ya ce wa aji, "Na gaba."

Ranar Litinin duk ajin muka zauna da reza muna yanke shafuka huɗu daga kowace mujalla, muna ɓare bango. Mujallar shekararmu da farin kwali ta fita, ba hoto, sai suna. 'Yan ajinmu da suka sha wahalar tsara bangon nan ba su zage ni ba, shiru kawai suka yi mini. Da sakamako ya fito na ci komai da komai, ban da kwas ɗin Kawu. Ma'anarsa abokaina za su tafi bautar ƙasa, ni kuwa in jira wata shekara, domin sau ɗaya ake yin kwas ɗin.

Mahaifiyata ta taso daga Kamazou ko sallama ba ta gama ba ta hau shi. "Yaya, 'yarka? 'Yar da ka raina da hannunka? A kan mai doya? Hannunka ai ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Ya ce, "Ban yanke ba, wankewa nake yi."

"Ka ba ta ko makin tsira mana! Wa zai sani?"

"Mai doya ta sani. Mutum talatin sun sani. Ita ma ta sani, tambaye ta."

Mahaifiyata ta ce in haɗa kayana mu tafi. Na shiga ɗaki na fara haɗawa, Anti ta biyo ni ta zauna a kan akwatin. Ta ce, "Tun Asabar bai ci abincin kirki ba. In kin tafi, kin bar ni da shi." Na zauna. Mahaifiyata ta tafi ita kaɗai, kuma ta yi wata biyar ba ta taka gidan ba. Sai da Sallah ta zo, shi ya kwashi ƙafa ya je har gidanta da cinyar rago, suka shirya ba tare da kowa ya ce ya yi kuskure ba.

Ni ma na yi fushina. Na daina amsa "Uwata", in ya kira sai in ce, "Na'am, Malam." Wata rana da safe yana shan shayi na kasa daurewa na ce, "Kawu, kun karanta labarin kafin Asabar. Me ya sa ba ku ja ni gefe ba?" Ya ajiye kofi ya ce, "Na karanta, na ji daɗinsa ya yi yawa. Amma zato nake yi, ke ce kika je wurin. Na yi ta addu'a zatona ya zama ƙarya." Ban taɓa jin muryarsa ta karye haka ba, kuma daga ranar fushin ya fara saki na. Abin da ya maye gurbinsa tsoro ne. Ba satifiket kaɗai nake nema ba yanzu, so nake mutumin nan ya sake yarda da maganata.

Da shekara ta zagayo na shiga aji da ƙannena na kwaleji, ba edita ba, ba komai ba. Aka ce kowa ya zaɓi wanda zai rubuta. Na ce Mama mai doya. Kawu ya ɗaga gira ya ce, "In ta yarda."

Ba ta yarda ba. Zuwana na farko ta ce, "In doya kike so ga doya, in labari ne ki je ki ƙirƙira, ai kin iya." Na sayi doya na zauna a benci na ci. Na dawo washegari, na dawo jibi. A mako na biyu ta miƙo mini mafici ta ce tunda ina zaune a banza in fifita mata wuta. A nan na koyi cewa hayaƙin gawayi yana sa kowa hawaye, har mai ƙoshi. Sannu a hankali ta fara magana. Ta gaya mini yadda ƙarar injin saƙa take sa ma'aikata su koyi magana da hannu, yadda har yau in ta taɓa atamfa a kasuwa take gane zarenta, yadda ta fara da doya biyar da tukunyar aro. Ina rubutawa, in karanta mata abin da na rubuta, ta ce a'a ba haka ba, in gyara.

Wata rana ruwan sama ya tsare mu a ƙarƙashin rumfarta, ba mai saye, ba mai wucewa. Sai ta gaya mini wani abu da ya faru da ita a shekarar da aka rufe masaƙa. Ta yi kuka ranar, na gaske, ni ma na yi. Da ruwa ya tsagaita ta share fuska ta ce, "Wannan ba na takarda ba ne. Na gaya miki ne don kin zauna." Na ce to.

Sai da na zauna rubutu na san nauyin wannan "to". Abin da ta gaya mini ya fi duk ƙaryar da na yi bara ƙarfi, kuma gaskiya ne. Da na sa shi, ko da sauya 'yan abubuwa, labarina ne zai hau bango. Ba tare da shi ba, abin da ke hannuna labarin mace ne mai gasa doya da ta taɓa aikin masaƙa, lami, ba abin da zai sa a ce kai. Ga kuma tsoron kada Kawu ya ga na kasa, ya ce bara na yi ƙarya, bana na yi lalaci. Kwana uku ina rubutawa ina gogewa. A ƙarshe na miƙa wa edita lamin, aka sa shi can shafi na goma sha tara, kusa da tallan wani shagon ɗinki.

Asabar ta zo. Na tsaya a inda na tsaya bara, ta sa tabarau, na karanta daga farko har ƙarshe ban tsallake ko waƙafi ba. Ta ninke mujallar ta ce, "Haka ne." Sai ta dubi Kawu. "Oga Malam, wannan yarinya na gaya mata abin da zai sa mujallanku ya yi zaƙi. Na ce kada ta sa. Na duba, ba ta sa ba." Ta ɗauki doya mafi girma a kan wuta ta kankare, ta zuba manja da yaji, ta miƙo mini. Kawu ya yi rubutunsa da fensir ya ce, "Na gaba."

A hanyar komawa gida motarsa ta mutu a daidai shataletale, kamar yadda ta saba. Muna zaune a ciki muna jiran bakanike, sai ya gyara zama ya ce, "Uwata, wai me ta gaya miki?"

Shekara guda ina neman hanyar da zan faranta wa mutumin nan rai, ga shi ya tambaye ni abu ƙarami, mu biyu, ba mai ji. Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri. Ba nawa ba ne."

Ya fashe da dariya har goro ya sarƙe shi, sai da na buga masa baya. Ya ce, "Da kin faɗa, wallahi da baɗi ma muna tare." Makin da ya ba ni matsakaici ne, domin a cewarsa gabatarwar ta yi tsawo kuma kanun labarin ba ya kiran kowa. Ban taɓa murna da maki irin wannan ba.

Daga nan abin ya zama wasa tsakaninmu. Na gama, na yi bautar ƙasa, na shiga aikin jarida, na yi aure. Duk lokacin da muka haɗu sai ya lallaɓo ta wata hanya. Ranar sunan ɗana na fari ya ce tukuicin huɗubar da ya yi shi ne in gaya masa. Wata rana ya ce ai ya yi ritaya, ba shi da fensir yanzu. Ya taɓa cewa Mama da kanta ta gaya masa, so yake kawai ya ji ko labarinmu ya zo ɗaya. Na ce to ya fara faɗa. Ya harare ni ya ce, "Kin zama 'yar jarida, Allah Ya shirye ki." Na daɗe ina tsammanin gwaji ne kawai. Anti ce ta gaya mini cewa da gaske son sani yake cin sa, domin Kawu mutum ne mai son labari kamar me.

Ranar Lahadin da ta gabaci rasuwarsa na je asibiti da yamma. Anti ta fita yin alwala, aka bar mu biyu. Ya rame ƙwarai, maganarsa sai na sunkuya nake ji. Ya tambayi yara, ya tambayi aiki, ya ce in riƙa leƙa mahaifiyata domin faɗanta a baki ne kawai. Sai ya kama hannuna ya ce, "Uwata, yanzu dai ki gaya mini. Ina zan kai shi?"

Wallahi na buɗe baki. Na ga babu abin da zan iya ba shi a duniya sai wannan, ba magani, ba sauƙi. Na dubi fuskarsa, na ga ba wasa yake yi ba, kuma ba gwaji ba ne. Hawaye ya zubo mini na ce, "Kawu, ba ta ce in faɗa ba."

Ya rufe ido. Na ɗauka na ɓata masa rai, har na fara neman kalmar ban haƙuri. Sai na ga kafaɗarsa tana motsi, ashe dariya yake yi, irin wadda ƙarfinsa ya iya. Ya matsa hannuna ya ce, "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Je ki, na sallame ki."

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa a karanta masa littafinsa bai ji kunyar ko layi ɗaya ba. Ya ba Anti da mahaifiyata haƙurin rashinsa. Abin da Mama mai doya ta gaya mini kuwa yana nan inda ta ajiye shi.